Ganyen da Ya Dube Ni

Marai ne suka fara kai ƙara.
Ana sallame la'asar
suka cika tsakar gida da kururuwa,
suna tashi, suna faɗawa wuri guda.
Na ɗaga kai ga mangwaron da kakana ya dasa
shekarar da ya tare a Gandun Albasa.
Ban ga komai ba sai ganye.
Sai ganye ɗaya ya juyo ya dube ni.

Ido ne ya tona masa asiri,
ƙaton ido, kamar ya aro na wani,
a ɗan kai mai siffar ƙwan kurciya.
Jikin tsanwa shar.
Ya miƙo rabinsa cikin sarari
babu abin da ya tallafe shi,
in iska ta kaɗa reshe, shi ma ya kaɗu.

Na ce damatsiri ne, a miƙo mini gora.
Baba Jatau ya riƙe hannuna.
Shekara talatin yana hawa da gatari
yana rage wa maɗatan Nasarawa rassa,
tafinsa duk kanta.
Ya ce, ba kowane kore ne damatsiri ba.

Wannan haƙoran dafinsa can ƙuryar baki suke,
kamar mai kuɗin da ke ajiya a uwar ɗaka.
Kuma dafin ba ya sauri.
In ya sare ka, sai ka ci tuwon dare,
ka taɓa hira a dakali,
ka ce ai ƙaya ma ta fi shi ciwo.
Kashegari jini ya manta yadda ake daskarewa,
ya nemi ƙofa ta hanci, ta dasashi,
ta tsohon miki da ka ɗauka ya warke.
Wanda ya sara, a kai shi asibiti
tun yana dariya.

Na ja da baya har na taka buta.

Ya ce, kwantar da hankalinka, ba kai yake nema ba.
Hawainiya yake fako,
ita da take taƙama da sauya riga,
da ƙwan marai, da 'ya'yan da ba su yi gashi ba.
Kunya gare shi fiye da baƙon da ya zo ba sanarwa.
Sai an ƙure shi yake kumbura wuya,
wannan ce sallamarsa ta ƙarshe.
Macen ma sau da yawa ba kore ba ce, ruwan ƙasa take.
Ta zuba ƙwai a kogon itace, cikin ruɓaɓɓen ganye,
ta bar wa ɗumi reno,
ta tafi, ko waiwaye.

To daga ina ya zo mana?
Baba Jatau ya nuna bayan katanga da haɓa,
inda lambun Alhaji Mamuda yake bara,
gwaiba da lemo da dogon giginya.
Yanzu shaguna ne goma sha biyu, da janareto.
Ya ce, da hannuna na sare rabinsu.
Bai ƙara ba.

Kafin magariba baƙon ya zame,
reshe ya miƙa shi ga reshe
har tsamiyar maƙwabta,
ko ganye ɗaya bai faɗo ba.
Marai suka koma saƙarsu.

Shekarar nan babu yaron da ya hau.
Ko Ummita, sarauniyar jifa, ta ajiye dutse.
A karo na farko tun ina ƙarami
mangwaron ya nuna a kan uwarsa,
yana faɗowa da kansa cikin dare, tim,
mu tsinta da safe, zaƙi har wuya.

Ban sake ganinsa ba.
Amma har yau in na shimfiɗa tabarma a gindin,
sai na gaida ganyen da ido tukuna,
ɗaya bayan ɗaya,
ko wani zai amsa.